Wasiƙa a kan madubin hangen nesan da ake son sayar maka

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya tare da iyali. Hotunan da ka turo sun iso, na kuwa zauna na ƙura musu ido har dare ya raba. Ka ce mai kayan ya rantse maka cewa madubin na sojan ruwan Jamus ne, ƙirar 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma gaggafar da aka zana a jikinsa, tambarin sojan Jamus na wancan zamani, ita ce shaida. To, riƙe kuɗinka tukuna.

Gaggafar ce ma ta fara sa ni shakka. Duk cikin alamun da ke jikin irin waɗannan kaya babu mai sauƙin ƙarawa kamarta, babu kuma mai ɗaga farashi kamarta, shi ya sa masu jabu suka fi yi mata hidima. A hotonka na uku zanenta ya fito fes, ƙarfen cikin layukan na ƙyalli, alhali rubutun da ke gefenta ya dushe, datti ya cika raminsa. Abin da suka shekara tamanin tare ai tare za su tsufa. Sa gilashin ƙara girma ka duba ko fentin ya ɓantare a bakin zanen. In ya ɓantare, a kan tsohon fenti aka sassaƙa ta daga baya.

Sai sunan kamfani. An rubuta Carl Zeiss Jena ɓaro-ɓaro. Tun wajen 1940 zuwa 1941 Jamusawa suka daina sa sunan masana'anta a kayan soja, don kada abokan gaba su gane inda ake ƙera su su kai hari. Sai suka koma ga haruffa uku ƙanana: Zeiss ya zama blc, Leitz na Wetzlar beh, Hensoldt bmj, Voigtländer ddx, Swarovski kuma cag. Madubin sojan da Zeiss ya ƙera a 1943, blc ya kamata a gani a kansa. Ko dai shekarar da aka faɗa maka ba daidai ba ce, ko kuwa kayan ba na soja ba ne.

Abin da ya ƙarasa mini zancen shi ne ɗan gargaren da ke tsakiya, wanda ake murzawa idanu biyu su daidaita lokaci guda. Wannan tsarin na farar hula ne. Na aikin soja kowane ido da nasa murɗin, domin haka ya fi hana ruwa da ƙura shiga. Ga shi kuma naka 6x30 ne, wato yana ƙara girma sau shida, faɗin gilashin gabansa milimita 30, girman da aka fi sani da sojan ƙasa, wanda suke rubuta wa Dienstglas. Sojan ruwa 7x50 suka fi riƙewa, saboda faɗin gilashin gaba yana tara haske da daddare a kan teku.

Kada ka ɗauka ina cewa madubin banza ne. Ga dukkan alama Zeiss ne na gaske, tsoho, mai yiwuwa na kafin yaƙi, kuma wasu hafsoshi kan sayi nasu da kuɗin aljihunsu. Sai dai wanda ya sassaƙa masa gaggafa ya ɓata shi ta fuska biyu, bai zama na soja ba, bai kuma tsaya a asalinsa ba.

In an kawo maka wani nan gaba, leƙa idon dama ka fuskanci farin bango. Yawancin na sojan ƙasa suna da ɗan ma'auni a ciki, layuka ƙanana da ake kintatar nisa da su, kuma sau da yawa za ka ga H/6400 a jikin murfin, domin sun raba da'ira gida 6400 ne. In rubutun na nan ma'aunin babu, wani ya taɓa buɗe shi. Za ka kuma iya ganin KF, ko da'ira, ko alamar tarawa, ko mai kusurwa uku. Duk bayanin irin man da aka sa wa murɗin ne don kada ya daskare a cikin sanyi. Fenti ruwan ƙasa ya yawaita ne daga 1943. Nauyi ma yana magana, don da yaƙi ya yi tsanani sun koma amfani da tutiya, gidan madubin kuma ya tashi daga fata zuwa Bakelite, wata irin roba mai tauri, da wani kwali da aka matse. Ka haska tocila a gilashin: shuɗi-shuɗi mara ƙarfi na iya zama shafen da Alexander Smakula ya ƙirƙiro a Zeiss a 1935, amma kore ko ja mai walƙiya aikin bayan yaƙi ne.

Ni dai da za ka ji tawa, da na Ingila ka fara. Suna sa suna da shekara a fili, Kershaw ko Taylor-Hobson ko Ross, ga kibiyar gwamnati mai kama da sawun kaza. Na sojan ruwansu kuma Barr & Stroud na Glasgow ya yi fice. Ba su kai na Jamus tsada ba, don haka masu jabu ba su cika damuwa da su ba. Nawa Kershaw ne na 1943. Da na same shi ɗoki ya sa na kwance shi don in goge fumfunar ciki, na gusar da gilashin mai kusurwa, har yau abu ɗaya biyu nake ganinsa, in na daɗe ina kallo kaina ya yi ta sarawa. Kai ma ka gwada wannan kafin ka biya: kalli sandar wuta daga nesa, ka janye madubin kaɗan daga fuskarka, ka ga ko za ta rabu biyu.

Turo mini hoton lambar da ke jikin murfin da na kawunan notocin, in ga ko sukundireba ta taɓa cin su. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara.

Naka,
Amininka