Biyan malami gwargwadon sakamakon ɗalibai, a duba da kyau

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili kan maganar nan da ake ta yi wai a riƙa ƙara wa malamin makarantar gwamnati albashi gwargwadon yadda yaransa suka ci jarrabawa. Ni dai malamin firamare ne kuma wallahi ban ƙi a saka wa mai ƙoƙari ba, amma da wane mudu za a auna? Ajina yara sun fi ɗari, rabinsu a ƙasa suke zaune, wasu sai sun gama talla suke shigowa, da damina kuma gona ta kwashe su, sannan a ce za a haɗa ni da wanda ke da yara talatin a cikin gari?

A Amurka ma an gwada, a birnin Atlanta an ɗaura bonas a kan makin jarrabawa, malamai suka koma suna goge amsoshin yara suna gyarawa, har a 2015 kotu ta samu mutum 11 da laifi. To mu nan da satar amsa ta riga ta zame mana ciwo fa?

Su ma shugabannin NUT, ƙungiyarmu ta malaman Najeriya, ina da magana da su. Lokacin da Kaduna ta yi wa malamai gwaji a 2017, sama da 21,000 suka faɗi, yajin aiki kawai muka tafi, ba mu kawo namu ma'aunin ba. A cikinmu akwai masu sa hannu a rajista su wuce kasuwa, kowa ya sani. Ya kamata ƙungiya ta zauna da SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a sa sufetoci su riƙa shiga aji suna ganin darasi da idonsu, kuma a fara biyan bashin ƙarin girman da ake bin gwamnati tukuna.

Naku,
Wani malamin firamare daga Zariya