Amsar tambayarka kan sunan Müller

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Na san ka riga ka yanke hukunci cewa sanyin Jamus ya daskarar mini da hannu, to ga amsar tambayar da ka yi mini tun kafin azumi kan ma'anar sunan Müller.

Ma'anar Müller ita ce mai niƙa, wato wanda ake kai wa hatsi ya mayar da shi gari, kuma tushen kalmar daga Latin yake. Ashe gwanin naka da ka liƙa hotonsa a shago, wanda ya ci ƙwallo 5 a gasar kofin duniya ta 2010, sunansa Thomas Mai Niƙa. Babu dangantaka tsakaninsa da Gerd Müller mai ƙwallo 10 a gasar 1970, don haka ka daina rantsuwa a majalisa cewa ɗansa ne.

Babu sunan dangi da ya kai shi yawa a ƙasar nan, sai Schmidt, wato maƙeri, da ke biye da shi. Dalili kuwa, a zamanin da kusan kowane ƙauye yana da wurin niƙa da ruwa ko iska ke juyawa, kuma a wurare da dama doka ta tilasta wa manoma kai hatsinsu wuri guda, mai niƙa ya cire ladansa daga cikin hatsin, har aka riƙa zarginsa da tauye mudu. Mutanen arewacin ƙasar sukan ce Möller, inda kuma babu harafi mai ɗigo biyu sai a rubuta Mueller.

Madarar da ke cikin firijina ta kamfanin Müller ce, kantin da nake sayen sabulu ma Müller ne, amma wannan wani mai aski ne ya kafa shi, kuma kamfanonin biyu ba ɗaya ba ne. Idan Bajamushe yana nufin talaka gama-gari, kamar yadda mu za mu ce wance, sai ya ce Lieschen Müller. A benen da nake haya ma gida biyu ne ke amsa sunan, kullum mai raba wasiƙu sai ya tsaya yana duban akwatunansu.

Ka gaishe mini da Müller na bayan gidanku, idan har injinsa ya bar ka ka yi barci.

Naka har kullum,
Amininka