Idan Taro Ya Ƙi Rawa: Bayanin Wani Mai Kiɗan DJ a Kano

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi bayani a kan sana'ata, wadda na san wasu masu karatu ba su ɗauke ta a bakin komai ba, wasu ma suna ganin bai kamata a yi ta ba sam. Shekarata goma sha ɗaya ina kiɗan DJ a bukukuwan Kano, tun ina yaron ɗaukar sifiku da naɗe waya har Allah ya hore mini kayana. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata dina da na yi kwanan baya a wani ɗakin taro da ke Nasarawa, wadda da aka tashi uwar biki ta hana ni cikon kuɗina, wai don biki bai yi armashi ba, tunda ba a yi rawa ba. Ban yi jayayya da ita a gaban baƙinta ba, kuma ba zan kama suna a nan ba. Sai dai irin wannan ta faru da abokan sana'ata da dama, shi ya sa na ga ya dace masu biki su san abin da ke hana fili cika, da abin da muke yi idan ya ƙi cika.

A katin gayyata an rubuta ƙarfe bakwai na dare. Amarya ba ta shigo ba sai tara da rabi, masu ɗakin kuwa sun riga sun ce ƙarfe goma sha ɗaya za su kashe janareta, domin dizal ba ruwan famfo ba ne. A cikin wannan awa ɗaya da rabi aka yi addu'a, aka karanta tarihin ango da na amarya, aka yanka kek, kowane ɓangare na dangi ya hau aka yi hoto, sannan aka raba abinci ga mutanen da suka yini da yunwa. Wanda aka ajiye wa faranti a gabansa ba ya tashi, ko da kalangun Shata aka dawo da shi duniya. Teburan gaba kuma, waɗanda suke daf da filin rawa, iyaye da surukai aka zaunar a kansu. Minti goma sha biyar aka bar mini, kuma a cikinsu ake so 'yan mata su fito su taka a gaban iyayen ango.

Abin da na daɗe da fahimta shi ne, mutumin Kano da ya zauna a kujera bai tashi ba, sau da yawa ba kiɗan ne bai yi masa ba. Izini yake jira. Kunya ce ke riƙe da shi, ita kuwa kunya ba a yi mata magani da ƙarin sauti. Amarya ba za ta saki jiki ba, don kada dangin miji su ce ba ta da kamun kai tun ba ta tare ba. Uwar da take aurar da 'yar fari tana alkunya, wata ma ba za ta yarda ta zauna a inda za a nuna ta ba. Matar aure tana tunanin abin da zai je kunnen maigida. Budurwa kuma tana kallon wayoyin da aka ɗaga sama, ta san kafin ta isa gida wani zai iya sa bidiyonta a TikTok, ya faɗa hannun dangin wanda yake neman aurenta. Wannan na ƙarshe ya sauya sana'armu fiye da komai. Lokacin da na fara, abin da aka yi a wurin kamu a wurin kamu yake tsayawa, sai dai kaset ko faifan da mai bidiyo zai kawo wa masu biki bayan mako biyu.

Ga kuma maganar liƙi, wadda ban taɓa jin an danganta ta da mutuwar fili ba, alhali ita ce ƙofar da masu kunya suke bi su shiga. Hajiyar da ba za ta taɓa cewa ta fito rawa ba takan fito da sunan liƙi, tana manna wa amarya kuɗi tana ɗan rausayawa, ba wanda zai ga laifinta, kuma da ta fito sai ƙawayenta su biyo ta. Yanzu ƙofar ta ƙuntata ta fuska biyu. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa Naira a wurin biki, da hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza Naira 50,000 ba, ko duka biyun, kuma tun daga 2024 da hukumar EFCC ta matsa wajen kama masu yi, manyan mutane da yawa suka ja da baya. Sannan tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya yi anko, ya biya kuɗin ɗinki da na adaidaita sahu, da wuya ya rage da abin da zai liƙa. Wanda ba shi da abin liƙi kuwa gara masa ya zauna da ya fito hannu rabbana. Mukan ajiye kwando ko tire a gaban ango da amarya a riƙa zubawa a ciki, yana taimakawa, amma bai kai na da ba.

To, me DJ yake yi idan ya saki kiɗa ya ga kowa ya sunkuyar da kai a kan waya?

Sabon shiga abu uku yake yi, kuma duk na yi su ina yaro. Yakan ƙara sauti har ƙirjin mutane ya riƙa girgiza, sai tsofaffi su fara neman ƙofa, masu jarirai su bi bayansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2022 cewa kada matsakaicin sauti a wurin shagali ya wuce desibel 100, wato ma'aunin ƙarfin sauti, amma ko ba ƙa'ida, wanda ba ya jin maganar na kusa da shi haushi yake ji, ba nishaɗi ba. Yakan kuma shiga sauya waƙa duk bayan daƙiƙa ashirin yana lalube, wanda hakan ke sanar da kowa cewa ya rikice. Mafi muni shi ne ya ɗauki makirfo ya fara habaici, yana tambayar mutane ko makoki suka zo, ko ya nuna wata baiwar Allah da launin mayafinta ya ce lallai sai ta fito. Bahaushen da aka kunyata a bainar jama'a ba ya tashi, kuma danginsa ba za su sake kiran wannan DJ ɗin ba. Akwai ma masu ganin mafita ita ce su saki waƙoƙin batsa don su zaburar da samari. Fili kan cika, amma da mutanen da masu biki ba su gayyata ba, kuma irin wannan ne ya ja wa sana'ar baƙin jini a wurin malamai da hukumar Hisbah. Lokacin da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta haramta bikin Ƙauyawa a 2025, wato shagalin da ake yin shigar mutanen ƙauye a yi rawa kafin aure, mu da yawa mun rasa aiki, amma a cikinmu ba wanda zai rantse cewa ba mu da hannu a abin da ya jawo hakan.

Wanda ya daɗe a sana'ar ba daga sifika yake fara aiki ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kwana biyu ko uku kafin biki nakan nemi babbar ƙawar amarya da babban abokin ango in tambaye su: su wane ne za su zo, daga wane gari dangin ango suke, wace waƙa ce amarya take so, wace ce kuma ba a so a ji a gidan. Nakan roƙe su su shirya mini mutum biyar ko shida da za su fara fitowa idan na ba da alama, domin wahalar fili duk a kan mutum na farko take. Idan an buga wa ma'auratan waƙarsu ta musamman a ɗaya daga situdiyoyin Titin Gidan Zu, wadda aka jera sunayen iyaye da ƙawaye a ciki, nakan ɓoye ta sai lokacin da nake buƙatarta, saboda wadda ta ji an ambaci sunanta ta sami hujjar tashi.

A wurin taron kuma ba fuska nake kallo ba, domin fuskar Bakano a gaban surukinsa ba ta faɗin komai. Ƙafafu nake kallo a ƙarƙashin tebur, da kafaɗu, da leɓɓan da ke bin waƙa a ɓoye. Teburin da na ga ƙafa tana motsi a ƙarƙashinsa, shi nake yi wa kiɗa, in manta da sauran na ɗan lokaci. Muna auna saurin waƙa da yawan bugunta a minti ɗaya, kuma manhajar da muke aiki da ita a kwamfuta, irin su VirtualDJ, tana nuna wannan adadi. Amapiano, kiɗan Afirka ta Kudu da samari suke so yanzu, yana tsakanin bugu 110 zuwa 115. Idan na fara da shi mutane suna zaune, na harba harsashina na ƙarshe tun ba a fara ba. Sai in fara da mai sanyi wadda kowa ya haddace, in saurari waƙar da za ta biyo bayanta a hedifon in daidaita bugunsu, in shigar da ita ba tare da an ji gaɓa ba, ina ƙara sauri kaɗan-kaɗan yadda jiki ba zai ankara ba. Idan aka zo amshin da kowa ya sani, sai in kashe sauti gaba ɗaya na daƙiƙa biyu ko uku. In ɗakin ya amsa da bakinsa, to an kusa, domin wanda ya yarda aka ji muryarsa ya riga ya karya rabin kunyarsa.

Sauran dabarun ba mu muka ƙirƙiro su ba, a wurin makaɗa da maroƙa muka gaje su, ko da yake yaran yanzu ba sa son a faɗa. Sanƙira bai taɓa cewa jama'a su fito ba. Ƙungiya-ƙungiya yake kira, haka ni da mai gabatarwa muke yi: dangin uwar amarya, sai 'yan ajinsu na makaranta, sai abokan ango na kasuwa, domin mutum goma da suka fito tare ba wanda ido zai tsaya a kansa. Wasan taubasai ma yana aiki fiye da kowace sabuwar waƙa. Idan ango Bazazzagi ne, ya isa a ce an ji labari Zagezagi ba su iya taka rawa ba, Kanawa su nuna musu. Haka tsakanin Fulani da Barebari. Amma babban makullin fili a wurina ita ce kaka. Ita kaɗai ce ba ta jin kunyar kowa, ango mijinta ne na wasa, amarya kuma kishiyarta. Ranar da na ga taro ya daskare, nakan sa a kira kakar ango ta zo ta nuna wa kishiyarta cewa ita ce uwargida, in sakar mata kiɗan ƙwarya irin na Amada, wanda marigayiya Barmani Choge ta yi suna da shi. Da ta ɗaga hannu, maguɗiya ta rangaɗa guɗa, sai ka ga 'ya'yanta mata sun taso don kada a bar tsohuwa ita kaɗai, jikoki su biyo baya. Tunda babba ta buɗe fili, an ba kowa izini ke nan. A dinar da nake magana a kai ma na nemi kakar, aka ce tana gida, ba ta zuwa wurin dina.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da masu biki ba sa lura da su. Fitilar mai bidiyo da ake haska wa duk wanda ya taso tana mayar da mutane kujerunsu, shi ya sa nakan roƙe shi ya kashe ta na minti biyar. Fili mai faɗi da yawa yana ba da tsoro, gara a matso da kujeru. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, matar da ta biya kuɗin kwalliya da ɗaurin gwaggwaro ba za ta yarda gumi ya ɓata mata su ba kafin a yi hoto. Idan kuma yinin biki ne, mukan kashe kiɗa da an kira sallar Magariba, wanda hakan wajibi ne ba na jayayya ba, amma duk zafin da fili ya ɗauka ya huce ke nan, sai an sake hura shi daga farko.

Wani taron kuwa, duk abin da aka yi ba zai tashi ba, kuma bai kamata a tilasta shi ba. Na yi bikin gidan malamai inda daga shigata na gane cewa amarya da ƙawayenta ne kaɗai suka so a kira DJ. Na rage sauti, na sa kiɗa mai taushi a ƙasa-ƙasa, mutane suka yi hira suka ci abinci, dangin da suka shekara ba su haɗu ba suka gaisa. Ba wanda ya taka ko sau ɗaya, amma daga wannan gidan na sami aiki uku. Akasin haka, idan aure ya haɗa mu da Yarabawa ko Ibo na Sabon Gari, tun ina gwada sifiku ake fara rawa, kuma ba don na fi iya kiɗa a ranar ba ne.

Roƙona ga masu biki, ta wannan jarida, shi ne su fito da amarya a kan lokaci, su bar wa kiɗa aƙalla minti arba'in bayan an gama cin abinci, kuma idan suna son 'yan mata su sake, su ware musu kamu ko yinin mata zalla inda ba maza ba surukai, a kuma roƙi baƙi su ajiye waya. Idan kuwa gidan ba na rawa ba ne, a faɗa mana tun wurin ciniki, ba abin kunya ba ne, mun san irin kiɗan da za mu kawo. Ni dai yanzu ba na ɗora sifika a mota sai an rubuta yarjejeniya cewa kuɗina na kayan aiki ne da awannin da na yi, ba na yawan waɗanda suka taka ba. Cikon nan na Naira dubu arba'in na bar wa Hajiya uwar biki, amma yara uku da suka yi dakon kaya a daren, da mai motar da ya jira mu har ƙarfe goma sha biyu, daga aljihuna na sallame su.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai kiɗan DJ,
Unguwar Ɗorayi, Kano.