A bar ma'aikatan jinya su je intabiyu da hutunsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na haura shekara 20 a asibitin gwamnatin jiha, kuma yau shekara 6 ke nan ni ke riƙe da ɗakin yara. Ni nake tsara rosta, in ce wance safe, wance yamma, wance dare, kuma ta hannuna takardar neman hutu take fara bi kafin ta hau sama. Da kaina zan fara, don na taɓa aikata abin da nake son takwarorina su daina.

Wata damina ce, zazzaɓin cizon sauro ya cika mana ɗaki har muna kwantar da yara biyu a gado ɗaya. Sai wata yarinya cikin nas-nas ɗina ta same ni a ofis. Yarinya ce mai hannu, irin wadda in jijiyar jariri ta ɓuya ita ake kira. Ta tura ƙofa, ta rage murya ta ce, "Anti, an kira ni intabiyu a wani asibitin tarayya a Abuja ranar Alhamis mai zuwa. Don Allah a cire mini kwana biyu daga hutuna." Raina ya ɓaci. Na ce, "Wato da hannuna zan ba ki hutu ki je neman hanyar barinmu? Babu hali." Ta ce, "To, Anti," ta fita.

Ranar Laraba tana da dutin dare. Ana kiran magariba sai ga wayar yayarta, wai zazzaɓi ya kwantar da ita. Wadda aka haɗa su tare ba ta fi wata huɗu da fara aiki ba, ga yara sun haura 30. Na bar tukunya a kan wuta na dawo asibiti. A daren nan yara biyu na ƙarin jini, ɗaya na jijjiga, wuta ta ɗauke, ina neman jijiya a hannun wani yaro da ya bushe da gudawa, uwarsa na haska mini da fitilar waya hannunta na rawa. Da asuba ta yi na zauna a kan benci ina lissafi. Yarinyar nan kwana shida ta ba ni. Da na amsa mata, da na yi musayar duti cikin natsuwa, da babu wanda zai san ba ta nan.

Ranar Asabar ta dawo da takardar likita. Na san inda ta je, ita ma ta san na sani, muka gaisa. Bayan wata uku ta tafi abinta. Hanin da na yi bai riƙe ta ko kwana ɗaya ba. Abin da kawai ya haifar shi ne sauran yaran suka ɗauki darasi: kada a kuskura a gaya wa Anti gaskiya. Na fi shekara ina fama da ciwon kan da ke kama mutane ana saura awa biyu su karɓi aiki.

Malam Edita, hutun shekara ba alfarma ba ce. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ba duk wanda ya cika wata 12 yana aiki aƙalla kwana 6 na hutu da albashinsa, a aikin gwamnati kuwa manyan ma'aikata kwana 30 suke da shi. Wata da nata take zuwa Umara, wata bikin ƙanwa, wani ya tafi ƙauye girbi, ba mu taɓa tambayar kowa dalili ba. To, don me sai an ce intabiyu ne fuska za ta canza? Abin da ke hannun shugaba shi ne lokaci. Yana iya cewa ranar nan hannu ya yi ƙaranci, a nemo wanda zai tsaya. Amma ya ƙi sa hannu don yana jin haushin inda za a je, wannan son rai ne, kuma marasa lafiya ne suke ɗaukar nauyinsa.

Na san abin da wasu metiron za su ce, don a gabana ake faɗa: in ka sauƙaƙa, kowa zai tafi. Ai tun kafin a sauƙaƙa suke tafiya. Nas biyu da suka fito makaranta ɗaya a shekara ɗaya, ɗaya na asibitin jiha ɗaya na tarayya, in suka ajiye takardun albashinsu a tebur sai ka tausaya wa ta jihar. Ga kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023. Da wane baki zan ce wa mai 'ya'ya uku ta zauna don kishin ɗakin yara?

Masu ƙetarewa waje kuwa, nasu ba intabiyu ɗaya ba ne. Mai son Ingila sai ta ci jarabawar Turanci, IELTS ko OET, ta ci ta kwamfuta, ta zauna intabiyu ta intanet da asibitin can, ta je a ɗauki hoton yatsu na biza. Kowanne da ranarsa. Na taɓa buɗe sito neman auduga, na tarar da wani yaronmu ya ɗora kwat a kan fararen kayansa, ya jingina waya da kwalin safar hannu, yana ta zuba wa Turawa bayani gumi na keto masa. Na ja masa ƙofar a hankali. Daga baya na ce masa, "Malam, da ka nemi rabin yini ai da ka yi shi a ɗakinka." Ya ce tsoron kweri yake yi, wato takardar tuhuma.

Abin da na yi wa yarinyar nan, shi na ga an so yi wa ƙasa baki ɗaya a Fabrairun 2024, lokacin da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta fitar da ƙa'idar cewa sai nas ta yi shekara biyu tana aiki, ta kuma kawo takardar shaidar hali daga shugaban wurin aikinta, kafin a tantance mata takardu zuwa waje. Magatakardan hukumar na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce nas 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Adadin abin tsoro ne, ni da ke cike rosta na fi kowa sani. Amma nas-nas suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas, saboda an ɗauko kwaɗo za a rufe ƙofa ba a tambayi me ke korar mutane daga ɗakin ba. Da ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya ta shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025, ai sun lissafa: alawus na duti, kuɗin kayan aiki na sawa, da ɗaukar ƙarin ma'aikata.

Ƙannena kuma, ku ma da naku. In saƙon intabiyu ya shigo, a ranar za ki faɗa, ki zo da sunan wadda za ta tsaya miki, ki kuma rama mata in tata ta taso. A daina kashe dangi da baki. Akwai wadda kakarta ta rasu sau uku a hannuna, Allah ya ƙara wa tsohuwa lafiya. Masu ɗaukar aiki su ma su ji tsoron Allah. A turo wa mutum saƙo daren Litinin a ce ya bayyana a Abuja safiyar Laraba, alhali an san mai jinya ne ba mai shago ba, da wuya ya iya zuwa ba tare da ya yi ƙarya ba. Mako biyu ba zai rage ku da komai ba.

Yanzu a ɗakinmu na gaya wa kowa: in intabiyu ne, a ce intabiyu ne, ba za ta wuce ƙofar ofishina ba. A rostar wannan watan akwai wata da na sa wa kwana biyu da jan biro. Za ta bi motar asuba daga tashar Unguwa Uku, ƙawarta ta karɓi darenta na Laraba, ni kuma zan tsaya mata safiyar Alhamis.

Wassalam.

Taka,
Wata ma'aikaciyar jinya,
daga Kano.