Tsohuwar nan ta finafinan Indiya tana da suna, Zohra Sehgal

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ni dai na daɗe ina bin shafinku na finafinai duk sati, kuma kuna ƙoƙari wallahi, amma abu ɗaya ke damuna, kullum labarin 'yan mata ne da samari, wa ta yi aure wa ta fito wa ya sayi sabuwar mota, tsofaffin da suka ƙarar da rayuwarsu a sana'ar kuwa sai ranar da suka rasu a sa hoto da layi biyu shikenan. Shi ya sa na ce bari in ɗauki alƙalami in kawo muku misalin mace guda.

Kwanaki muna zaune a tsakar gida da daddare, ƙannena sun kunna Veer-Zaara a waya sun jingina ta da kwanon sha, aka zo wajen da tsohuwar da ta raini Zaara take kwance tana barin wasiyya a kai tokar gawarta Indiya daga Pakistan, sai Hajiyarmu ta ajiye carbi ta matso ta ce kai wannan tsohuwa ta iya, kamar da gaske rai zai fita. Na tambayi yaran sunanta, babu wanda ya sani, alhali jaruman kuwa har ranar haihuwarsu sun haddace. Kuma fa wasiyyar nan tata ita ce ta tayar da labarin gaba ɗaya, ba don ita ba Zaara ba za ta tsallaka iyaka ba balle ta haɗu da Veer.

Sunanta Zohra Sehgal. An haife ta a garin Saharanpur ranar 27 ga Afrilu 1912, 'yar gidan manya ce masu asali da Rampur, ta yi makaranta a Lahore a lokacin da kulle ke da tsanani. Daga nan ta tafi Jamus ta koyi rawa a makarantar Mary Wigman da ke Dresden, a 1935 ta shiga tawagar ɗan rawa Uday Shankar suka yi ta yawon ƙasashe suna wasa. Wato tun kafin a haifi iyayen wasunmu ita tana kan dandamali.

Inda na fi so ku duba shi ne zamanta a Prithvi Theatre, ƙungiyar wasan daɓe ta Prithviraj Kapoor mahaifin Raj Kapoor. Ta shiga a 1945 ta yi shekara 14 cur tana bin su gari gari a faɗin Indiya, kuma duk wanda ya taɓa yin daɓe ko da na makaranta ne ya san ba wasa ba ne, babu darakta da zai ce a yanke a sake, in ka manta layinka a gaban mutane ka manta, dole muryarka ta kai ga na can ƙarshen zaure kuma fuskarka ta faɗi abin da bakinka bai faɗa ba, yau a yi gobe a maimaita jibi a sake a wani garin. A ganina wannan horon ne Hajiyarmu ta gani a fuskar matar ba tare da ta san tarihinta ba. A cikin shekarun nan ma ta fito a Neecha Nagar, fim ɗin da ya ci babbar kyauta a bikin Cannes na Faransa a 1946.

Mijinta Kameshwar ya rasu a 1959 ya bar ta da 'ya'ya biyu. A 1962 tana da shekara 50 ta tafi Landan karatun wasan kwaikwayo, shekarun da a wajenmu ake ce wa mace ta koma gefe ta yi ta jiran jikoki, ita kuwa sai ta sake ɗaura ɗamara, ta yi ta fitowa a talabijin ɗin Ingila har da The Jewel in the Crown a 1984. Mu nan ba mu fara ganinta sosai ba sai da ta koma gida ta haura 80, kakar Shah Rukh Khan a Dil Se a 1998, sannan uwar Amitabh Bachchan a Cheeni Kum a 2007 tana da shekara 95, tana masa faɗa tana tsokanarsa kamar ɗan da ta goya.

Wani abu da ya taɓa min zuciya, ƙanwarta Uzra Butt ita ma 'yar daɓe ce amma ta koma Pakistan da zama, iyaka ta raba su, sai ga shi da tsufansu sun haɗu a dandamali guda a wasan Ek Thi Nani a 1993. A 2010 gwamnatin Indiya ta ba Zohra lambar Padma Vibhushan, ta biyu a girma cikin lambobin farar hula, tana raye ta karɓa da hannunta. Ta rasu a Delhi ranar 10 ga Yuli 2014 tana da shekara 102.

To Edita, mu ma muna da irinta. Akwai iyayenmu mata da suka fara daga daɓe da wasannin rediyo da talabijin a Kaduna da Kano da Sakkwato tun kafin a san wani abu Kannywood, yau suna fitowa a matsayin Inna ko Goggo a ba su fitowa biyu a sallame su, 'yan kallo ma da sunan wasa kawai suka san su. Roƙona ku ware musu ko da rabin shafi ne a wata, ku tura wakili gidajensu ya zauna a tabarma ya tambaye su wa ya koya musu, a wane zaure suka fara, me suka sha daga dangi da suka ce za su yi wasa, a rubuta da sunayensu na gaskiya tun suna iya ba da labarin da bakinsu.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridarku.

Mai karatunku daga Zariya