Maudu'in daren Asabar: me ya ci sarautar Rasha?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Asabar bayan sallar isha'i za mu tattauna faɗuwar Sarki Nikolas na Biyu, wanda ya yi murabus a Maris 1917, bayan gidansu na Romanof ya shafe shekara 304 a kan karaga.

Don Allah kar mu tsaya a kan Lenin, jagoran ƴan gurguzu da suka karɓi mulki daga baya, yana Suwizalan lokacin. Ɓarnar ta daɗe. An ƴanta manoma daga bauta a 1861, amma aka ɗora musu bashin gonakin da aka ba su. A Janairun 1905 ma'aikata suka nufi fada da takardar koke, wasu riƙe da hoton sarki, sojoji suka buɗe musu wuta. Ni a ganina ranar amana ta mutu. Ga kashin da Japan ta ba Rasha a yaƙi.

Sai yaƙin duniya na farko: sarki ya tafi jagorantar soja a 1915, ya bar matarsa da Rasputin, wani mai da'awar waliyyi da ya samu shiga fada, suna naɗa ministoci suna saukewa. Mata na layin burodi cikin tsananin sanyi a Petrograd, babban birnin ƙasar a lokacin, har suka fantsama kan tituna, sojoji kuma daga baya suka mara musu baya.

Mai tambaya ya turo kafin Juma'a. Banda tallan kaya a nan, don Allah.