Wai albashi kuɗin aiki ne ko kuɗin cefane?

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira.

Dan Allah ɗan fili nake roƙo a shafinka na wasiƙu in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, kuma na san ba ni kaɗai ba ce, duk macen da ke tashi da asuba ta ɗora tukunya ta shirya yara sannan ta fita neman halak ta san wannan zance ko da ba ta taɓa furtawa ba.

Ni malamar makaranta ce, wata firamare ta kuɗi a nan Kano, shekarata tara a cikinta. Da NCE na shiga, na zo na ƙara digiri ina goyo ina karatu, rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ma ina da ita. Bara aka ɗauki wani yaro, kuma yaro zan ce don ƙanin bayana ne, bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, ni na zaunar da shi na koya masa rubuta lesin not da cika rajista. Ranar da aka yi albashi muna zaune a ofishin malamai ya miƙo min wayarsa in duba masa wani abu, sai ga alat ya shigo, idona ya faɗa kai ba da niyya ba. Dubu 55. Ni da na tsufa a wajen dubu 40 nake karɓa, shi ma sai da aka yi ta kai ruwa rana kafin ya kai haka.

Ban yi hayaniya ba, na bari kwana biyu zuciyata ta huce na samu mai makarantar cikin ladabi. Dariya ya yi wallahi, ya ce "haba Malama, ke fa ciyar da ke ake yi, shi kuwa aure zai yi, gida zai riƙe."

To Malam Edita wannan amsar ce ta sa na ɗauki waya nake rubuto maka. Ɗan adaidaita dai bai taɓa rage min kuɗin mota don ni mace ce ba, mai awo bai taɓa ce min ke ana ciyar da ke kawo rabi ba, kuma iyayen yaran ajina ba sa biyan kuɗin makaranta ƙasa da na ajinsa. In kuwa da buƙata ake auna albashi ai da baba mai sharar makarantarmu ce za ta fi kowa ɗauka, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu biyar, amma ita ba a taɓa tuna cewa gida take riƙewa ba. Sai in an zo kan namiji ake tuna cefane.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ake lulluɓe abin da rigar addini. E, ciyarwa wajibin miji ce, babu mai musu. Amma wannan tsakanina da maigidana ne, ina ruwan mai makaranta a ciki? Shi aiki ya saya a wajena. A Suratun Nisa'i aya ta 32 an faɗa ƙarara cewa maza suna da rabo daga abin da suka tsiwurwurta, mata ma suna da nasu, kuma ban taɓa jin malamin da ya ce in mace na da miji ya halatta a zaftare mata ladan guminta ba. Ballantana a wannan zamani da kowa ya san halin da ake ciki tun da aka cire tallafin mai a 2023, gidaje nawa ne albashin matar ke biyan kuɗin makaranta da na magani, ana rufa wa juna asiri ba a faɗa.

Wata ƙawata lauya ta ce min ai kundin tsarin mulki na 1999 sashe na 17 ya ce aiki iri ɗaya biya iri ɗaya ba tare da duba jinsi ba, har na fara murna, sai ta ce amma fa yana cikin babi na biyu ne wanda ba a cika iya kai ƙara kotu a kansa ba. Mafi ƙarancin albashi kuma da aka mayar dubu 70 a watan Yulin 2024, dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, to ƙananan makarantu da kilinik da shagunan ɗinki inda mata suka fi yawa ai duk sun sulale ta nan. Hutun haihuwa ma dokar ƙwadago ta ce sati 12 da aƙalla rabin albashi, jihar Kaduna ta mayar wa ma'aikatanta wata shida a 2019, mu kuwa a nan ana yin arba'in za a fara kiranki a waya, in kin yi nawa ki dawo ki tarar da wata a ajinki.

Na san za a ce ai a aikin gwamnati babu bambanci, lebul 8 lebul 8 ne ko mace ko namiji. Gaskiya ne a takarda. Yayata ma'aikaciyar gwamnati ce, ita ke ba ni labari, ba a albashi ake yi musu ba, a bita ne da kwas da tafiye-tafiye masu alawus, sunaye a majalisar dare ake tsara su ko a wajen ɗaurin aure inda mace ba ta zuwa, in an zo kanta sai wani ya ce "bar ta, mijinta ba zai bari ba" alhali ko tambayarta ba a yi ba. Ran da za a ba da muƙami sai a ce ba ta da gogewa. Ba na musun akwai mazan da ke hanawa ɗin, akwai kuma matan da in sun samu kujera sun fi maza gasa wa 'yan uwansu aya a hannu, na gani da idona. Amma a tambaye ta mana, ta ce a'a da bakinta.

Mai shari'a Aloma Mukhtar daga babbar kotun Kano ta tashi har ta zama alƙaliyar alƙalan Najeriya a 2012, amma ita kanta Kanon sai a 2023 ta samu mace ta farko cikakkiyar babbar jojin jiha, Dije Aboki. A majalisar dattawa ta 10 kuwa mata huɗu ne cikin 109, ƙudurin daidaita damarmaki tsakanin maza da mata da aka kai majalisa a 2016 watsi aka yi da shi, wasu biyar na mata suka bi sahu a watan Maris na 2022. Shi ya sa ni ban sa rai daga Abuja ba.

Roƙona kusa yake. Ka tura wakilanka su zaga makarantun kuɗi da ƙananan asibitoci su tambayi ma'aikata a ɓoye nawa ake biyan kowa, don sirrin albashin nan shi ne mafakar abin, da ba don alat ya shigo a hannuna ba da har yau ban sani ba. Ma'aikatar ilimi kuma tunda ita ke ba da lasisi, ta sa kowace makaranta ta manna tsarin albashinta a bango, satifiket kaza shekara kaza kuɗi kaza, kowa ya gani.

Shi dai yaron nan ba ni da matsala da shi, yana girmama ni, Anti yake ce min. Wannan zangon aka ba shi mataimakin hedimasta, jiya ma ya kawo min jadawalin jarrabawa in gyara masa kafin ya kai ofis, na kuma gyara. Dan Allah Malam Edita kar ka sa sunana, mai makarantar tamu ba ya fashin karanta jaridarku, ni kuma ban samu wani wajen ba tukuna.

Taka mai bibiyarku kullum,
Wata malamar firamare, Kano